Wannan kris ɗin na Sulu ne ko na Maguindanao? Masana makaman Moro ku taimaka

Abu_Hafsat:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ido a kan tsofaffin makaman Musulmin kudancin Filifin, waɗanda ake kira Moro, ina neman taimakonku, na ci gwanjon wasu guda biyu ta intanet daga wani mai sayar da kayan tarihi a Amurka, ɗaya kris ne, wato takobinsu mai lanƙwasa, ɗaya kuma barung, gajeren takobinsu mai faɗi, kuma abin da ya rubuta a bayanin kris ɗin shi ne wai na tsibiran Sulu ne na ƙarni na 18, wani sojan Amurka ne ya kawo shi gida. Babu takarda babu komai, maganar baki ce kawai. Ni ban saya saboda labarin ba, ƙirar ce ta burge ni, amma yanzu da suka iso hannuna ina so in san gaskiyar inda suka fito.

Ga yadda kris ɗin yake. Tsawon ruwansa inci 22 da ɗan wani abu, yana da faɗi sosai da nauyi, lanƙwasa biyar ce daga gindi sai ya miƙe sak har tsini. Ƙarfen nan da ke kwance a gindin ruwan, wato gangya, ina ganin layi tsakaninsa da ruwan amma na kasa gane ko daban aka ƙera shi ko zane ne kawai aka ja. Maɗauri ɗaya ne ke riƙe da shi, na baƙin ƙarfe. Ƙotar itace ce an naɗe ta da igiya an shafa wani baƙin abu kamar ƙaro, akwai zobban azurfa guda uku, kan ƙotar kuma siffar kan tsuntsu ce amma tukkun ya ɗan ɓalle. Kuben katako ne guda biyu a haɗe, kuma abin da ya ɗaure min kai shi ne ɗaurin da ke jikin kuben farin ƙarfe ne mara nauyi, wallahi kamar alminiyon. To ina alminiyon ina ƙarni na 18?

Shi kuma barung ɗin ruwansa inci 15 ne, gajere mai faɗi kamar ganye, bayansa da kauri, akwai azurfa doguwa a wuyan ƙotar, sannan kusa da gindi akwai wani tambari da aka buga kamar rubutun Sinanci. Ba shi da kube. Wannan tambarin yana nufin jabu ne daga Chaina ko yaya? Na gode.

Baba_Mai_Takubba:

Wa alaikumus salam Abu Hafsat. Allah ya sanya alheri, kayan da ka siffanta ba na banza ba ne.

Abu na farko da za ka sa a ranka, takobin Moro ba abu ɗaya ba ne, abu uku ne, ruwa da ƙota da kube, kuma kowanne yana iya zama da garinsa da shekarunsa daban. Waɗannan mutanen gadon takobi suke yi, ruwan ya wuce daga kaka zuwa jika, ƙota ta tsage a sake, kube ya ruɓe saboda damshin ƙasarsu a sassaƙa sabo, mutum ya samu sarauta ya kai a sa masa azurfa. Saboda haka alminiyon ɗin da ka gani bai ƙaryata ruwan ba, kuben kawai ya ba ka labari. Galibi in ka ga alminiyon a kayan Moro to daga lokacin yaƙin duniya na biyu ne zuwa gaba, lokacin da tarkacen jiragen sama suka wadata a tsibiran masu sana'a suka dinga yankar shi suna aiki da shi. Ka ajiye kuben a gefe, ka yi masa hukuncinsa shi kaɗai.

Yanzu ruwan. Ka fara da gangya ɗin don shi ne ke raba tsoho da sabo a ido na farko. Na dauri daban ake ƙera shi a huda shi a zura wutsiyar ruwan ta ciki, maɗaurin nan kuma, wanda ake kira asang-asang ko baka-baka, shi ke damƙe su da ƙotar. Daga wajen shekarun 1930 zuwa sama maƙera da yawa suka koma ƙera su a dunƙule sai su ja layi da magagari don ya yi kama da na da. Yadda za ka gane, ka sa gilashin ƙara girma ka bi layin ta fuska biyu, ka duba ta bakin gefe ko layin ya zagaya, in daban ne za ka ga tsatsa ko datti ya shige ciki can ƙasa, kuma zanen jikin ƙarfen na sama ba zai ci gaba daidai da na ƙasa ba. In zane ne kawai za ka ga ƙasan layin a toshe yake yana sheƙi. Amma fa wasu maƙeran gwanaye ne, haɗin nasu ko gashi ba ya shiga, don haka kar ka yi saurin yanke hukunci.

Maganar ƙarni na 18 kuwa ina da ja a kanta. Tsofaffin can, waɗanda ake ɗauka na kafin 1800 ne, ƙanana ne sirara, ba su cika kai inci 22 ba, lanƙwasarsu mai zurfi ce, kana ganinsu ka ga 'yan uwan keris ɗin Malayu da na Indunusiya wanda ake suka da shi. A hankali ne takobin ya dinga girma yana faɗi yana nauyi har ya koma na sara. Wanda ka siffanta, mai faɗi mai nauyi rabinsa lanƙwasa rabinsa a miƙe, ya fi kama da na rabin ƙarshen ƙarni na 19. Kuma wannan ya ma fi dacewa da labarin sojan, tunda Amurkawa sun shiga ƙasar Moro ne a 1899.

Batun ƙabila shi ne mai wuya. Wurin da ake dubawa shi ne ɗan sassaƙen nan da ke gefen gajeren ɓangaren gangya, wanda ake cewa hanci da bakin giwa. Robert Cato a littafinsa na 1996 kan takubban Moro shi ya tsara wannan rabon kuma har yau da shi yawancin masu tara kayan ke aiki. A tsarinsa na Sulu ramin bakin mai siffar ƙwai ne kuma a karkace yake yana kallon ƙasa. Na Maguindanao, wata ƙabila ta tsibirin Mindanao, shi ma kusan haka yake amma bai karkace ba, a kwance yake sak. Na Maranao kuwa, wato mutanen tafkin Lanao, bakin matsattse ne, kuma ƙarƙashin leɓen ƙasa akwai wani tudu da ya kumburo waje. Ka ɗauko mana hoton wurin nan dab da dab a hasken rana ba da fitilar waya ba.

Sai ka duba lanƙwasar ita kanta. Ta da a wuta ake lanƙwasa ta, tana tafiya a hankali babu kusurwa. Wadda aka yi don 'yan yawon buɗe ido yanke ta ake yi daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe, sai ka ga kowace lanƙwasa da tsini kamar haƙorin zarto.

Injiniya_Bello:

Baba Allah ya ƙara lafiya, bayani ya yi. Amma ni ina da ɗan tsokaci kan bakin giwar nan, don na ga yadda mutane suka mayar da shi kamar hatimi, da zarar an ga hoto ɗaya sai a ce na Maranao ne a rufe magana. Ni a ganina alama ce kawai ba hujja ba. Maƙera suna tafiya, ruwan takobi kuma haja ne ana sayarwa ana kyauta ana biyan sadaki da diyya da shi ana ƙwace shi a yaƙi. Ƙabilar Iranun suna zaune tsakanin Maranao da Maguindanao kuma jiragen ruwansu sun kai Sulu da arewacin Borneo, to takobin da ke hannun ɗan Iranun a wane layi za a sa shi? Haka sarakunan Sulu da na Maguindanao akwai auratayya da kyaututtuka tsakaninsu. Ga kuma sundang ɗin Malayu na Brunei da Maleshiya, wato irin nasu kris ɗin, wanda wani lokaci ruwan daga ƙasar Moro ne amma ƙota da kube na Malayu, sai mai sayarwa ya rubuta Sulu kawai saboda sunan da ya sani ke nan.

Na sha ganin ruwa mai bakin Maguindanao ɗauke da ƙota irin ta Sulu, har da babban kan nan mai tukku da baki dogaye da ake kira junggayan wanda manyan datu, wato shugabanninsu, ke ɗaurawa a kugu don nuna matsayi. To ka ce na wa ne? Wanda ya ƙera ko wanda ya ɗaura? Ni dai in zan rubuta sai in ce ruwa mai kama da aikin Maguindanao, ƙota aikin Sulu, in tsaya nan.

Abu Hafsat, kan tsuntsun da ka ce shi ne kakatua, wato irin akun nan mai tukku, kuma duk ƙabilun suna yin sa don haka shi kaɗai ba zai gaya maka komai ba. Abin da zai taimaka shi ne in akwai zane a jikin zobban azurfar. Zanen okir na mutanen tafkin Lanao cike yake da ganye da kurangar da ke naɗewa tana cika ko'ina, na Sulu da suke kira ukkil yakan fi sauƙi da sarari a tsakani. Shi ma ba yankan wuƙa ba ne amma in ka haɗa shi da sauran alamu yana ƙara nauyi. Yawan maɗauri kuma, ɗaya ko biyu, ana ta musu a kai, ni ban taɓa dogara da shi ba tunda yana karyewa a sake.

Abu_Hafsat:

Na gode Baba, na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na sa gilashi na duba kamar yadda Baba ya ce, layin ya zagaya har gefe kuma akwai baƙar tsatsa can ciki, na ɗan taɓa da tsinken sakace ya shige kaɗan, ke nan daban aka ƙera shi. Layin yana tafiya a miƙe sai dab da ƙarshe ta dogon ɓangaren ya karya ya yi sama. Bakin giwar kuma a kwance yake bai karkace ba, babu wani tudu a ƙarƙashinsa. Lanƙwasar santsi gare ta ba tsini. Zobban azurfar babu zane, sumul suke.

To yanzu tambayata biyu, in goge shi da samfefa don in ga zanen ƙarfen? Don yanzu duk ya yi duhu. Sannan barung ɗin fa, har yanzu ba wanda ya ce komai kan tambarin.

Hajiya_Tarihi:

Ɗan'uwa dan girman Allah ka ajiye samfefar nan, kar ka kusanci injin wasa ma ko kaɗan. Takubban Moro da yawa da suka je Amurka da Turai haka aka lalata su, aka goge su suka yi ƙyalli kamar madubi, kaifin sassaƙen gindin ya zube, kuma wannan sassaƙen shi ne fa abin da su Baba ke karantawa. In akwai jar tsatsa mai ci, mai ɗan sauƙi da tsumma ko lallausar wayar goge ƙarfe mafi laushi sun isa, ka bi a hankali. In kana son ganin zanen ƙarfen daga baya, ana wanke maiƙon tas a shafa ruwan khal mai ɗumi ko lemun tsami, a bar shi kaɗan, a wanke da ruwan baking soda don a kashe tsamin, a busar sosai a shafa mai. Zai fito maka da layin ninkin ƙarfen da kuma bakin kaifin da aka ba ruwa, wanda yakan fi duhu. In ka yi sa'a a tsakiyar ruwan ka ga wani zane kamar igiyar da aka murɗa ko gashin tsuntsu to ka samu abu mai daraja, irin wannan sandunan ƙarfe ake murɗawa a haɗe su a wuta, aiki ne mai cin lokaci kuma ba kowa ke iya sayen sa ba. Sai dai ka kiyaye kar tsamin ya taɓa azurfar da igiyar ƙotar.

Barung kuwa ya fi kris sauƙin sanin gida, don shi makamin tsibiran Sulu ne, wato na ƙabilun Tausug da Sama da Yakan na tsibirin Basilan, da kuma gaɓar Sabah inda Tausug suke da yawa. Ba al'adar Maranao ko Maguindanao ba ce, su nasu kampilan ne, dogon nan mai ƙota kamar kada ya buɗe baki da tuntun gashi, da wani makamin sara da ake kira panabas. Tambarin Sinancin ba alamar jabu ba ce, akasin haka ma. Jolo, babban garin Sulu, ta daɗe tana ciniki da Chaina, Sinawa sun zauna a garin, kuma akwai ruwan barung da ake danganta su da maƙeran Sinawa waɗanda mutanen Sulu ke daraja ƙarfensu. Wasu tambarin ma ba a iya karanta su, kwaikwayon rubutun ne kawai aka buga don a nuna ƙarfe ne mai kyau. Inci 15, gajere mai faɗi mai kaurin baya, ga doguwar azurfa a wuya, duk wannan siffar na ƙarni na 19 ne. Na bayan yaƙin duniya na biyu sun fi tsawo da sirantaka, kubensu da ƙashin baya a tsakiya, an naɗe shi da igiyar ratan kusan duka, an kuma manna ɓawon kawa mai walƙiya a sama. Ka duba kan ƙotar ma, na da tukkun da bakin ƙanana ne in na yaƙi ne.

Sai maganar sojan, wadda ni ita ta fi damuna. Gaskiya ne dubban makaman nan ta hannun sojoji suka bar ƙasarsu. An yi yaƙin garin Bayan da Amurkawa a Lanao a 1902, an bi Datu Ali a kwarin Cotabato har aka kashe shi a 1905, an yi yaƙin dutsen Bud Dajo a Jolo a watan Maris na 1906 inda aka kashe ɗaruruwan mutane har mata da yara a cikin ramin dutsen, sannan Janar Pershing na Amurka ya ba da umarnin karɓe makamai a 1911, abin da ya kai ga yaƙin Bud Bagsak a 1913. Don haka in mutum ya riƙe irin wannan takobin ya sani wataƙila ba a kasuwa ya bar hannun mai shi ba, kuma ya kamata a riƙe shi da mutunci. Amma wasu kyauta ce datu suka ba hafsoshi, wasu saye aka yi, an ma kai mutanen Moro da kayansu baje kolin St. Louis na Amurka a 1904. Kalmar wani soja ya kawo ba ta gaya maka tsibiri ko shekara. Ka koma wa mai sayarwan ka tambaye shi daga wane gida ya samo, ko akwai sunan sojan ko rundunarsa, ko tsohuwar takarda da aka manna a kube, ko lamba da aka rubuta da farin fenti. In ka samu runduna ana iya gano inda aka girke ta, Jolo ko Cotabato ko Lanao, wannan ya fi duk wani karatun bakin giwa ƙarfi wajen sanin inda aka ɗauko shi, duk da ba lallai nan aka ƙera shi ba.

Baba_Mai_Takubba:

Hajiya ta gama magana kan barung, ba ni da ƙari sai abu ɗaya, in azurfar wuyan ta kai wajen inci uku to irin ta Tausug ce, ta Yakan yawanci gajeriya ce sosai.

Injiniya, ban ƙi taka ba ko kaɗan, ni ma ba na rantsuwa a kan alama ɗaya. Amma kar kuma mu zubar da ita gaba ɗaya, don idan ka jera waɗanda aka san inda aka karɓo su za ka ga rabon yana yawan faɗawa daidai. Hanyar gwadawa ke nan ma, a kwatanta da kayan gidajen tarihi masu rajista. Sifaniyawa sun kwashi da yawa musamman bayan sun ci Jolo a 1876 da yaƙe-yaƙensu da Datu Uto a kogin Pulangi, suna nan a gidan tarihin nazarin al'ummomi na Madrid da gidan tarihin soja na Toledo, kuma amfaninsu shi ne duk abin da ya shiga can ta hannun sojan Sifaniya ka san kafin 1898 ne. Smithsonian a Washington ma suna da tarin da Herbert Krieger ya wallafa bayaninsa da hotuna a 1926. Abin da ke cikin waɗannan ba a sake masa ƙota bayan an ajiye shi ba, shi ya sa suke zama ma'auni.

Abu Hafsat, daga abin da ka faɗa yanzu, gangya daban, layi mai karyewa a ƙarshe, baki a kwance babu tudu, ruwa mai faɗi inci 22, naɗin igiya da ƙaro, ni zan ce ruwan aikin Maguindanao ne na ƙarshen ƙarni na 19, ƙotar tana iya zama sa'arsa, kuben kuma na tsakiyar ƙarni na 20 ne. Kuma ka lura da abin da wannan ke nufi ga labarin mai sayarwan, in dai kuben nan nasa ne to takobin yana ƙasar Moro har bayan 1940, ke nan ko dai sojan na yaƙin duniya na biyu ne ba na zamanin Pershing ba, ko kuma wani dillali ne ya haɗa shi da kuben wani takobin daga baya. Ka zura shi ka gani ko gangya ɗin ya zauna daidai a bakin kuben, in ya yi ɗan sama ko kuben ya fi shi tsawo da yawa to aure aka yi musu. Kar ka jefar da shi ko da hakan ne.

Wani abu kuma tunda ka shiga harkar, ka yi hattara da masu ado da yawa, azurfa ko farin ƙarfe tun daga kai har ƙasa da zane ko'ina. A garin Tugaya na gefen tafkin Lanao akwai gwanayen masu aikin tagulla da sassaƙa, suna yin sababbi kuma suna yi wa tsofaffin ruwa sabuwar riga, aikinsu mai kyau ne amma in ya faɗa hannun dillali sai ya koma takobin sarki na shekara ɗari biyu. Haka in ka ga mai kan hauren giwa kar ka yi oda daga wata ƙasa sai ka san dokar, tun 1990 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe kuma ko tsoho ne sai da takardun izini, kwastan na iya riƙe shi.

Injiniya_Bello:

Na yarda da Maguindanao ɗin a matsayin wanda ya fi kusa, Baba. Abu Hafsat in za ka ɗora hotunan ka haɗa da na bakin kuben ta sama da takobin a ciki, da na tambarin barung ɗin, ka shafa masa ɗan alli ka goge don rubutun ya fito. Ka auna faɗin ruwan kris ɗin a tsakiya da kaurin gangya ɗin ma ka rubuto mana.